Cikin Badaru da Cunkoson Gwarinpa

Badaru direban bas ne a wata ma'aikatar tarayya. Shekara da shekaru yana kwasar ma'aikata daga Kubwa zuwa Sakatariya, ba a taɓa jin ya makara ba. Shi ya sa ranar da ya taka birki a tsakiyar cunkoson Gwarinpa, ya diro da buta a hannu ya faɗa cikin ciyawa, fasinjoji suka saki baki suna kallo.

"Oga, lafiya?" wani ya tambaye shi da ya dawo sharkaf da gumi.

"Lafiya lau," in ji shi, bai ɗaga ido ba.

Alhali ciki ya daɗe yana murɗa masa. Yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita, ga kumburi. Ya sha maganin taifod, ya sha na olsa, ya sha saƙe-saƙi. Yayansa Baffa ya rantse sammu ne. Shi kuwa a ransa ya gama yanke cewa ciwon daji ne.

Matarsa Mufida ce ta ja shi asibiti. Aka auna jini da bayan gida, aka leƙa hanjinsa da kyamara.

Likita Naomi ta ce, "Malam Badaru, babu ƙari, babu gyambo. Hanjinka ne mai saurin harzuƙa, wasu abinci da damuwa ke tayar da shi. Ba ya kisa, amma lallaɓa shi ake yi, ba a raba mutum da shi."

Badaru ya dube ta ya ce, "Duk azabar nan, a ce ba a ga komai ba?"

"Me kake ci da safe?" likita ta tambaye shi.

Mufida ta karɓe zancen. "Ƙosai da shayi mai madara, da rana shinkafa da wake. Tunda ciwon ya tsananta ma na ƙara masa, don ya samu ƙarfi."

"To, da su za mu fara," in ji likita.

Mufida ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ashe da hannuna nake ƙara masa?"

"Ba laifinki ba ne, Hajiya. Wani ya ci su lafiya lau."

Suka riƙa janye abincin ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi wake da madara ne manyan masu laifi. Yanzu koko da dafaffen ƙwai yake karyawa da su, maganin murɗar ciki yana aljihun gaba, da yamma ya taka da ƙafa har masallacin bakin kasuwa. Ranar da aka ɓata masa rai a ofis cikin yakan motsa, sai dai ya daina tunanin mutuwa.