Ranar da Sama'ila Mai Faci Ya Ci Ikrima a Dara

Sama'ila mai faci ya fi shekara ashirin a bakin tashar Mai'adua, rumfarsa na jingine da shagon Callistus mai sayar da kayan babur. Asalinsa mutumin Dutsi ne, kuma da noma ya tashi, har daminar da amalanke ta faɗo masa a gwiwa. Ƙafar ta ƙi komawa daidai, sai ya koyi facin taya don yawancin aikin a zaune ake yi. Ba ya cin goro, ba ya zuwa kallon ƙwallo. Dara kaɗai ce ta kama shi.

Kuma bai iya ta sosai ba, kowa a tashar ya sani. Shi ya koya wa Callistus wasan lokacin da ya zo daga Anacha yana saurayi, amma tuni Callistus ya wuce shi. Har Callistus ya sa kafinta ya yi musu allon katako mai gurabe, don su daina haƙa ƙasa a ƙofar shago. Sama'ila yakan sha kaye da rana, ya kwana yana tunanin inda ya kuskure, gobe ya sake faɗawa wuri ɗaya.

Ikrima ɗan ƙanwarsa Lami ne, shekararsa goma sha uku. Yaro ne da in baƙo ya yi masa magana sai ya kalli ƙafafunsa. Wata la'asar ya kawo wa kawunsa abinci, babu abokin wasa, Sama'ila ya ce ya zauna su rage lokaci. Ikrima ya cinye shi. Suka sake, ya sake cinye shi. Sama'ila ya taɓa nasa goshin ko zazzaɓi ke damunsa, ya ji lafiya lau.

"Wa ya koya maka?"

"Kallonku nake yi, Kawu."

Sama'ila ya rasa yadda mai kallonsa zai iya abin da shi bai iya ba. Amma murna ta kama shi, ya leƙa shago ya kira Callistus. "Oga, zo ka ga abin mamaki."

Callistus ya zauna, sai yaron ya zama wani daban. 'Ya'yan dara suka riƙa zube masa. Ga damar jera uku a fili, wadda za ta ba shi ya ɗauke ɗan abokin wasa, amma ya tura wani can gefe. Nan da nan Callistus ya gama da shi, ya koma wurin wani mai sayen birki yana dariya.

"Me ya same ka?" in ji Sama'ila.

"Kawu, ai babba ne."

"Ni fa? Yaro ne ni?"

"Ku ai Kawu ne."

Sama'ila ya juya amsar nan har magariba, bai gane ko yabo ba ce ko raini.

Bayan kaka 'yan tasha sukan shirya gasar dara. Ana zuwa daga Daura, daga garin Babban Mutum, har daga tsallaken iyaka, kuma duk magidanta ne. Sama'ila ya sa sunan Ikrima ba tare da ya tambaye shi ba. Da Lami ta ji, sai ta tare shi a zaure.

"Yaya, ba kai ne ka ja masa kunne ranar da ya musa wa liman magana ba? Yanzu kuma kai ne za ka zaunar da shi gaban masu furfura ya kunyata su?"

"Wannan daban, wancan daban."

"Ina bambancin?"

Ya ce dai zai kula da shi.

Ƙarfafa gwiwar da ya riƙa yi wa yaron ma haka ta kasance. Yau ya ce kada ya kalli fuskar kowa, allo kawai zai kalla. Gobe ya ce ya tabbata ya gaida kowa da ladabi. Ikrima ya ce, "In na ci dattijo, me zan ce masa?" Sama'ila ya ce ya yi shiru. "In shi ya ci ni fa?" Ya ce ya yi godiya. Yaron ya ce, "To, ashe gara ya ci ni." Sama'ila ya dafe kai. Callistus ne ya leƙo daga shago ya ce, "Ikrima, ran nan na gan ka. Ka bar mini wasa. Kada ka ƙara, ban ji daɗi ba."

Ranar gasa aka nemi Ikrima aka rasa. Sama'ila ya same shi a bayan rumfa, tsugune tsakanin tsofaffin tayoyi, yana cewa cikinsa na murɗa. Ya ja ƙafarsa ya zauna kusa da shi.

"Ni ma nawa yana murɗa. Duk shekara haka yake yi, kuma duk shekara a wasan farko ake fitar da ni. Ka taɓa ganin na mutu? Tashi mu je a fitar da mu tare."

Aka haɗa Ikrima da Malam Badaru, wani dattijo mai fataucin shanu daga Babban Mutum. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, bai hau benci ba sai da aka ce ya hau. Da ya jera ukun farko ya tsaya, hannunsa a sama. Sannan ya ce, "Baba, ku yi haƙuri," ya ɗauke ɗa guda. Duk cin da zai yi sai ya ba da haƙuri, har 'yan kallo suka fara taya shi faɗa. Malam Badaru ya sha kaye yana dariya har da share hawaye, ya ce ba a taɓa korar shi da ladabi irin na yau ba.

Shi kuwa Sama'ila, abokin wasansa bai zo ba, babur ya lalace masa a hanya, sai aka wuce da shi gaba. Da aka sake ƙuri'a, sunansa ya fito tare da na Ikrima.

Ya zauna bai san abin da yake so ba. In ya sassauta, ya yi abin da ake hana yaron. In ya dage, ai dama ba ya cin sa. Sai ya dage. Wasan ya yi tsawo, can Ikrima ya matsar da wani ɗa ya buɗe masa hanya. Sama'ila ya jira ya ga tarko, bai gani ba. Ya ci, ya ƙara ci, wasa ya ƙare. Ana tafa masa, shi kuma yana kallon yaron, wanda ya sunkuyar da kai kamar kullum.

"Bar mini ka yi?"

"A'a, Kawu. Kun fi ni ne yau."

Sama'ila ya tambayi Callistus. Shi kuma ya ce kuskuren irin wanda gwani kan yi ne in ya gaji, kuma irin wanda gwani kan yi ne da gangan. A wasa na gaba wani direba ya fitar da Sama'ila kafin shayinsa ya huce. Da daɗewa bayan haka Lami ta gaya masa ita ma ta tambaya, yaron ya ce shi kansa bai sani ba, hannunsa ne ya tafi.

Yanzu Ikrima yana zama da manya ba a tura shi ba. Wata rana ya ci, wata rana a ci shi. Da aka yi gasa a Daura bana, Sama'ila bai sa nasa sunan ba. Ya rufe rumfa, ya goya yaron a babur ya kai shi, amma ya ƙi shiga. Ya tsaya a gindin wata bishiya wurin mai rake, duk wanda ya fito sai ya tare shi ya ce, "Malam, don Allah, yaron nan na ciki, yaya ake ciki?"