Fayil ɗin da Tukur Bai Rufe Ba

Wata rana ana tsakiyar zafin bazara, wani matashi mai suna Tukur yana cin shinkafa da wake a bakin kasuwa, sai wayarsa ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar kifi ne.

"Maza ka zo! Ƙofar ɗakin sanyi ta ƙi buɗuwa, kuma Innarka na ciki."

Ko hannu bai wanke ba, ya saɓi jakar kwamfutarsa ya zuba da gudu.

Bari in ɗan koma da ku baya.

Inna, mahaifiyar Tukur, daskararren kifi take sayarwa. Ita da abokan sana'arta suna da ɗakin sanyi guda da suke ajiye kaya, irin mai ƙofar ƙarfe mai kauri. Da satar kifi ta ishe su, sai aka ce ai ɗan Inna ya karanci kwamfuta, a kira shi.

Tukur ya zo yana hura hanci. Ya sa wa ƙofar makulli mai aiki da lantarki, ya haɗa shi da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya rubuta manhajar da ke ba shi umarni. Ka danna a waya, ƙofa ta buɗe. Ya kuma tsara shi yadda ko an ɗauke wuta zai zauna a kulle, don kada ɓarawo ya samu sa'a.

Tsohon hannun ƙofar na ciki dama ya lalace. Aka cire shi, aka ce za a sayo sabo. Kun dai san "za a" ɗinmu.

To ga inda matsalar take.

A wajen kwamfuta, na'ura kamar fayil ce. In manhajarka tana son magana da makulli, sai ta roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta buɗe mata shi. Ta ba da umarninta, in ta gama ta ce a rufe. Kamar dai ka karɓi kwano wajen mai abinci ne: ka ci, ka mayar. Kwanonin kuwa suna da iyaka.

Manhajar Tukur karɓa kawai ta iya. Ba ta mayarwa.

Kuma ba wai ba a faɗa masa ba. Sa'adiyya, wadda suka yi karatu tare, ta duba masa aikin kafin ya kafa shi, ta nuna masa wurin da yatsa. Ya yi dariya ya ce layi ɗaya ne, zai ƙara daga baya. Ya gwada ƙofar a gaban jama'a ta buɗe, aka yi ta sa masa albarka, shi ke nan ya manta.

Kullum ana buɗe ƙofa, kullum kwanoni na raguwa, ba wanda ya sani.

Ranar nan suka ƙare. Inna ta shiga ɗauko katan ɗin kifi, ƙofa ta rufe a bayanta.

Da Tukur ya iso, mutane sun yi cincirindo. An kashe injin sanyin, amma sanyin da ke ciki ba ya jin an kashe komai. Wani ya tafi neman mai walda, wani na dukan ƙarfen da guduma, mata na ta salati. Kowa a wurin ya san Inna na da ciwon asma, kuma abin shaƙarta yana cikin jakarta a kan teburin kifi.

Daga ciki ana jin bugu.

Gum. Gum. Gum.

Tukur ya durƙusa a ƙasa ya buɗe kwamfuta. Ya aika umarnin buɗewa. Amsa ta dawo: fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Ya sake aikawa, amsa ɗaya. Ya sake. Gumi na ɗiga a kan madannai, yana ta kuskuren haruffa. Karatun da ya yi duk ya gudu ya bar shi, yana kallon rubutun amma kansa ya ƙi ɗauka.

Bugun ya fara jinkiri.

Ya kira wayar Inna. Ba ta shiga ba. Ya sake kira, da kyar ta shiga, murya na yankewa. Numfashinta yake ji, yana fita da wani siririn sauti kamar usur.

Sai ta ce, "Tukur."

Jama'a, Tukur ɗan fari ne. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron", in ta ji daɗinsa ƙwarai ta ce "mai kwamfuta". Kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam, har ƙannensa na tsokanarta a kai.

Yau ta kira shi. Nan take ya gane abin da take gani a cikin ɗakin nan, kuma tsoron da ya kama shi bai taɓa jin irinsa ba.

Wayar ta yanke.

Sai ya kira Sa'adiyya, ya karanta mata abin da ke kan allo.

"Ka rufe fayil ɗin da na nuna maka?"

"Ban rufe ba."

"To daina roƙon ƙofar, ba za ta ji ka ba. Kashe manhajar taka gaba ɗaya. In ta mutu, kwamfutar za ta ƙwace duk abin da ta riƙe. Sai ka tayar da ita."

"In ta ƙi tashi fa?"

"Tukur, kashe ta!"

Bugun ya tsaya cak.

Ya yi bisimilla ya kashe ta. Ya tayar. Allon ya yi shiru na ɗan lokacin da shi a wajensa ya fi shekara. Ya aika umarni.

Ƙwas.

Maza suka ja ƙofar, hayaƙin sanyi ya bugo waje. Inna na zaune a ƙasa ta jingina da katan, leɓɓanta sun canza launi, hannunta riƙe da ƙanƙararren kifin da take bugun ƙofar da shi. Aka ɗauko ta, aka sa mata abin shaƙa, aka wuce da ita asibiti.

Allah ya yi da sauran kwana.

A kan bencin asibitin Tukur ya buɗe kwamfuta ya rubuta layin nan guda. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya zauna yana kallonsa yana hawaye. Kafin la'asar kuma shi da kansa ya tsaya a kan mai walda har aka sa wa ƙofar sabon hannu ta ciki.

Da Inna ta farfaɗo sosai, ta buɗe ido ta gan shi tsugune a gefen gado. Ta ɗan dube shi, ta kawar da kai, ta ce da ƙanwarsa:

"Ce wa wannan yaron ya je ya ci abinci."

Tukur ya ce a duniya bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba, kuma yana roƙon Allah kada ya sake jin sunansa a bakinta.

Darasi: Duk abin da ka buɗe, ka rufe shi tun kana wurin, fayil ne ko aiki ko alkawari. Ɗan abin da ka ce "daga baya" ba ya ɓacewa, taruwa yake a inda ba ka gani, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai kasance a bayan ƙofar ba ranar da ya cika.

Kana da aboki mai "zan gyara gobe"? Tura masa wannan yau, kada kai ma ka ce sai gobe.