Malam Abdussamad da Littafin Bajamushe

Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, 1986, ina gona muna girbin dawa, ƙaninka Hussaini ya iso a kan babur daga Funtua ya ce mini Allah ya yi maka cikawa da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Zama na yi a kan dami.

Malam Abdussamad, shekara goma sha ɗaya ke nan da sanina da kai, tun da ka dawo daga Jamus inda aka tura ka koyon gyaran tarakta. Ni malamin firamare a Malumfashi, Kirista ɗan Kirista. Kai makanike, ɗan limamin Maska. Daminar da na karye a ƙafa, ba tare da na roƙe ka ba ka zo ka nome mini gonata kaf, ko tuwon da matata Salome ta tuƙa ba ka tsaya ci ba.

Cikin abin da ka zo da shi daga Turai akwai littafin wani ɗan jarida Bajamushe a kan tarihin Yahudawa da aƙidar Sahayoniya. Mutum ne mai zafin alƙalami. Kowace Asabar, a gindin mangwaron garejinka, kana karantawa da Jamusanci kana juya mini da Hausa, muna musu har a kira la'asar. Ni da na tashi da labarin Isra'ila a majami'a, nakan fusata in ce ƙarya ce tsagwaronta. Kai kuma ka ce, "Amos, bi a hankali. Inda ya ce an raba manoma Falasɗinawa da gonakin kakanninsu, gaskiya ya faɗa. Da kai aka yi wa, yaya za ka ji?"

A 1982, da rediyo ya cika da labarin yaƙin Labanan, wasu mutanen gari suka zo, Alhaji Maiwada na gaba, suka nemi ka fassara littafin a buga a raba a kasuwa. Ina wurin. Ka ce musu, "Alhaji, ciwon Falasɗinawa yana ci mini rai kamar yadda yake ci muku. Amma rabin littafin nan ba kukansu mutumin yake yi ba, tsohuwar ƙiyayyar ƙasarsu ya tono, yana zagin jinsi guda har da jariransu. Na je inda aka ƙona mutane saboda irin wannan magana, na gani da idona. Hannuna ba zai rubuta ta da Hausa ba."

Ka sha wuyar wannan amsa. Aka yi ta kiranka ɗan koren Yahudawa, manyan manoma suka kwashe taraktocinsu zuwa Zariya, garejinka ya yi wata biyar kamar an share. Ni ma da na zo ina murna wai ka dawo bayanmu, ka dube ni ka ce, "Ba bayanku na dawo ba, Amos. Ku ma kuna da abin da kuka ƙi ji." Na tafi da fushi, na yi sati uku ban leƙo ba. Kai ka biyo ni har gida da buhun irin masara.

Hussaini ya gaya mini cikin waɗanda suka ɗauki makararka har da Alhaji Maiwada, yana hawaye.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Malama Rabi, da Gwaggo Tsohuwa da ta rene ka, da Hussaini, da 'ya'yanka shida, da jama'ar Maska baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Mu kuma, in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.

Amos Bature, Malumfashi