Gaisuwar da Aka Kai Gidan Aminiyata

A zamaninmu, ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Mace ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a tsakar gida, in yana kuka sai ta kau da kai har kakarsa ta gaji ta miƙo mata shi cikin ɗaki. Haka muka taras, haka muka yi. Ni ma haka na yi da nawa, a Ƙarfi, inda aka kai ni aure ina yarinya.

Watansa bakwai ƙyanda ta shigo gari, daidai lokacin da auduga ta fashe a gonaki. Ta ɗauki yara da dama, ta haɗa da shi. Da hantsi aka naɗe shi a 'yar tabarma aka fita da shi bayan gari, gindin wata ɗorawa. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta leƙo ɗakina ta ce, "Kul na ji muryarki. Ruwa ne ya zube, tulu yana nan." Masu gaisuwa suka zo, ita suka yi wa, ita da ɗanta. Ni ina ƙuryar ɗaki, nono yana zuba, bakina a rufe.

Mutum ɗaya ce ta ga hawayena, aminiyata. Tare muka yi tallan fura muna 'yan mata, a lokacin kuma tana aure a Bakori, da ta ji labari ta zo ta yi mini kwana bakwai. Ranar da muka fita cirar auduga ni da ita, mun yi nisa cikin gona ba kowa, sai na ji abu ya taso mini daga ciki. Ban yi niyyar waƙa ba, fita ta yi da kanta:

Auduga ta yi fari, mai riga bai tsaya ba,
Na kaɗa zarena, wa za a saƙa wa?

Ita kuma ta amsa mini, tana share ido da bakin zane: "Ajiye mazari, 'yar uwa." Mazari shi ne ɗan sandan da muke kaɗa zare da shi. Nan waƙa ta samu amshi. Muka yi ta yi har buhu ya cika.

Daga baya aurenta na Bakori ya mutu, ta sake wani a Ƙarfi, muka zama katanga ɗaya. Waƙar kuwa ta bi gari. Mata suka ɗauke ta wajen cira, wajen daka, har wajen biki in an kifa ƙwarya a ruwa, ni ina bayarwa, aminiyata tana jan amshi. Kowa ya ɗauka waƙar aiki ce. Ba wanda ya taɓa tambayar wane ne mai rigar, ni kuma ko wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba. Shekara hamsin da ɗoriya muna haka. Waɗanda suka san abin da ya faru duk ƙasa ta rufe su, saura mu biyu.

Aminiyata Allah ya ba ta 'ya'ya bakwai, bakwai ɗin nan suna raye har yau, Allah ya ƙara musu rai. Na huɗunsu shi ne mawaƙi. Yana da situdiyo, ɗakin ɗaukar waƙa, a Funtua, saman wani bene kusa da tasha, yanzu ma furfura ta fara fito masa. A bayana ya yi barcin rana ba sau ɗaya ba. Shi ne ya shigo mini wata rana ya durƙusa.

"Inna, waƙar mazarin nan nake so."

"Kai da kake waƙar 'yan mata da gyale, me za ka yi da waƙar tsofaffi?"

"Ai yanzu tsofaffin ake yayi, Inna. Muryarki kawai za ki ba ni."

"Muryar da haƙora suka gudu suka bari?"

"Ita ɗin fa."

Ya kai mu Funtua ni da uwarsa. Aka hau da mu bene da ƙyar, aka kifa mini wasu abubuwa kamar marfin kwano a kunnuwa, aka ce in yi. Na yi sau uku. Da ya ce zai zo gida ya ɗauki hotona mai motsi ina kaɗi, nan na ce a'a. Ba zan zauna duniya tana kallon fuskata ina wannan waƙa ba. Bai san dalili ba, uwarsa ta sani. Ita ta ce, "Bar ta, ni zan zauna maka." Har na gode mata. Aka ɗauke ta tana juya mazarina, muryata tana fita ta bakinta, shi kuma ya ɗora nasa baitocin da kiɗan na'ura. Waƙa ta shiga wayoyi, ta shiga motocin haya. Ban ji komai ba. Fuska ce na ara mata, kuma da yardata.

Ashe akwai wani taro da ake yi duk shekara a birni, na karrama mawaƙa. Ni ban san da shi ba sai da suka tafi, ita da ɗan. Ta leƙo ta katanga ta ce mini za ta je ganin likitan ido.

Bayan kwana biyu, da la'asar, ina tsince wake, matar ɗan da na haifa daga baya ta zo da gudu da waya a hannu. "Inna, waƙarku ta ci!" Ta zauna kusa da ni ta riƙe mini. Na ga ɗaki kamar filin idi, fitilu kala-kala. Ana kiran mutane rukuni-rukuni. Masu waƙar soyayya aka ba wani, masu bege aka ba wani, masu waƙar fim, har da samarin nan masu magana da sauri kamar ana korarsu. Kowa a miƙa masa wani ƙarfe mai ruwan zinare ya ɗaga sama. Da aka zo kan waƙar gargajiya sai na ji muryata ta cika ɗakin. Na yi murmushi. Mawaƙin ya hau, ya riƙo hannun uwarsa, tana cikin leshi fari da ban san ta da shi ba.

Mai gabatarwa, wata doguwar mace, ta rusuna ta miƙa mata abin magana. "Hajiya, wannan waƙa ta sa mutane kuka. Ina kika samo ta?"

Na ce a raina, yanzu za ta ce waƙar matan garinmu ce. Ko ta ce ta ƙawata ce, ta yi shiru.

Sai ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana na fari na yi wa. Watansa bakwai ƙyanda ta ɗauke shi, lokacin cirar auduga. Aka hana ni kuka, sai na yi waƙa."

Aka tashi tsaye ana tafi. Doguwar matar tana goge ido. Matar ɗana ma tana goge ido, tana cewa, "Allah sarki Hajiya, ashe a Bakori ta taɓa rasa ɗa? Shekara da shekaru ba ta taɓa faɗa ba." Ni kuwa wake na ci gaba da tsincewa. Mai kyau nake zubarwa ina ajiye tsakuwa, ban sani ba sai da yarinyar ta karɓe faifan.

Aminiyata ta dawo, na jira ta shigo. Kwana uku ba ta shigo ba. Ran na huɗu na yafa zane na zaga. Na same ta ita kaɗai, ƙarfen yana bisa kwanukan jerenta.

"Ya idon?" na ce.

Ba ta dube ni ba. "Ƙawa, zauna mana."

"A tsaye ma ina ji."

"Mutanen nan labari suke so. Yaron ya ce in ba labari, waƙa ba ta tafiya. Ni kuma na san ke har ki mutu ba za ki faɗa ba. Ba gara a ji a bakina ba da ya bi ki kabari?"

"Ki ce na ƙawarki ne mana."

"Da na ce haka, da yanzu masu ɗaukar hoto sun cika miki gida. Rufa miki asiri na yi."

"Da waƙar kika ɗauka, wallahi na bar miki, ke ma da amshinki a ciki. Ɗan fa? Kina da bakwai. Ɗaya tak da ba ni da abin da zan nuna nasa, shi ma sai kin haɗa?"

Ta ce, "Abin da ya wuce shekara hamsin."

Na juya na fita.

Da na san abin zai tsaya nan, da na haɗiye, na saba. To ranar Juma'a da hantsi sai ga matan unguwa sun yi sallama, su wajen goma, da kwanon gero da goro. Babbarsu ta ce, "Taso mu je mu yi wa Hajiya gaisuwa. Rashin ɗa ba ya tsufa, tunda yanzu muka ji, yanzu za mu yi. Ke ce aminiyarta, ke za ki shige gaba."

Na shige gaba. Aka shimfiɗa tabarmi, ta zauna a tsakiya ta sunkuyar da kai. Mata suna matsawa ɗaya bayan ɗaya. "Ya haƙuri, Hajiya?" Tana cewa, "Haƙuri sai ma'aiki." "Allah ya sa mai ceto ne." Tana cewa amin. Ina zaune ina kallo ana zuba mata abin da ban taɓa samun ko ɗigo ba. Har layi ya zo kaina.

Na ce, "Hajiya, a ina aka binne shi?"

Ta ɗago. Idonta yana roƙona. "A Bakori," ta ce a hankali.

"Me sunansa?"

Ba ta sani ba. Ta yaya za ta sani? Ban taɓa furta shi ba, ko a gona, ko a gabanta, ita kuma suna ya daɗe da fita daga kanta. Sai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Ba a Bakori yake ba. Yana nan bayan garin nan, gindin ɗorawa. Ni na haife shi." Na kira sunansa, cikakke, a gaban mata goma, abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Na ji kamar na tuɓe zane a kasuwa.

Duk suka juya suna kallonta. Kalma ɗaya nake jira, ta ce gaskiya ne. Ita kaɗai ta rage a duniya da za ta iya cewa haka.

Ta kalli tabarma. Sannan ta numfasa ta ce, "Ku yi mata haƙuri. Tsufa ne. Ta ji labarin a wurina tun muna yara, shi ne ya zauna mata."

Na ji wata daga baya ta ce, "Allah sarki." Wata kuma ta yi ƙasa da murya, amma kunnena bai mutu ba: "Ko dai ƙarfen nan ne ya tsone mata ido." Babbarsu ta kama hannuna ta ce, "Taso in raka ki, rana ta yi zafi." Na zare hannuna na tashi da kaina.

Tun daga ranar, in mutanen unguwa za su gaishe ni sai su ɗaga murya, su ja magana a hankali, kamar yadda ake yi wa wadda ta fara ruɗewa. Ina amsawa. Ita kuwa har yanzu katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin tarinta, tana jin nawa, ban ƙara ce mata sannu ba.