Malama Sake-Auna da Ruwan Waraka

Kafin masu shara su gama da barandar sashen ilimin magunguna na jami'a, ta riga ta iso. Ba ofis take fara shiga ba. Ɗakin ɓerayen gwaji take wucewa da jakarta a kafaɗa, ta bi keji ɗaya bayan ɗaya, ta duba ruwansu, ta tambayi wanda ya ƙi cin abinci. Daga nan ta goge ma'auni da hannunta, ta ɗora gilashi a karan hanci. Duk ɗalibin da ya kawo mata sakamako yana washe baki, amsa ɗaya yake samu: "To madalla. Je ka sake aunawa." Shi ya sa suka laƙaba mata Malama Sake-Auna, har sunan ya danne na ainihi.

A makon jiya ta yi ritaya. An jera kujeru a ƙaramin ɗakin taro, aka raba lemon kwalba, shugaban sashe ya aiko da uzuri wai yana da wani zama. Matar nan a wurin nan ta yi furfura. Waɗanda ta koya wa riƙe sirinji sun zama farfesoshi, ita tana nan a matakin da aka daskarar da ita. Wallahi raina a ɓace nake wannan rubutu, kuma zan faɗi dalili.

Babana yana da ciwon suga, kullum sai ya yi wa kansa allura. A garinmu kuma akwai wani mai wa'azi da ake kira Mai Ruwa. Yakan tofa addu'a a ruwa, a ɗura a jarkoki, jama'a su yi layi har bakin titi. Ya ce ruwansa yana wanke suga daga jini, kuma duk mai haɗa shi da allurar asibiti, imaninsa da sauran gyara. Baba yana son mutumin nan kamar ransa. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, likita ya ce masa ƙiri-ƙiri in ya bar allurar ba zai kai labari ba. Da ƙyar muka samu abu ɗaya daga bakinsa.

"Ai an kai ruwan jami'a ana bincike," in ji shi. "Zan jira. Amma ranar da jami'a ta buga hatimi, ranar zan watsa allurar nan a shara, kuma kada wanda ya sake yi mini magana."

Baba ba ya magana biyu. Ran tsohonmu ya koma rataye a kan sa hannun wata mata da bai taɓa gani ba.

Mai binciken wani ɗalibin babban digiri ne, mabiyin Mai Ruwa, Malama kuma ita ce mai duba aikinsa. Ƙanwata ce ke kula da ɗakin gwajin, don haka a idonta aka yi komai. Ɗalibin ya kawo sakamako mai kyau kamar an zana: ɓeraye masu suga da suka sha ruwan duk sun samu sauƙi. Malama ta karanta, ta tashi ta leƙa kejin, ta dawo.

"Ɓerayen da ka fara da su sun fi waɗannan yawa. Ina sauran?"

"Sun mutu, Malama."

"Cikin masu shan wane ruwa?"

"Na waraka."

"To me ya hana ka sa su a lissafi?"

"Ai ajalinsu ne ya zo, Malama. Ba laifin ruwa ba ne."

Ƙanwata ta ce dariya ta kusa kuɓuce mata. Malama ko murmushi ba ta yi ba, ba ta kuma zage shi ba. Cewa ta yi a sake, ita da shi tare. Ta sa ƙanwata ta shiga ciki ita kaɗai, ta ɗura ruwan Mai Ruwa a wasu kwalabe, na famfo a wasu, ta ɗaura wa waɗannan jan zare, waɗancan shuɗi. "Kada ki gaya masa wanne ne wanne, ni ma kada ki gaya mini," in ji ta. "Ni ma zuciya gare ni, tana iya karkatar mini da hannu." Haka suka yi ta aunawa a makance har aka kammala, sannan ƙanwata ta faɗi wanne ne wanne. Masu jan zare da masu shuɗi duk kanwar ja ce, suga yana nan daram. Ruwan waraka da ruwan famfo ba su da maraba.

Nan ya kamata magana ta ƙare. Ina! Aka kira taron sashe. Shugaban sashe, mutumin da ya sha karatu har ya ƙoshi, ya gyara murya ya ce, "Dakta, kimiyya hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin sani. Ke da gaskiyarki, su ma da tasu. Ki sa hannu, a zauna lafiya."

"Ranka ya daɗe," ta ce, "in kowa da gaskiyarsa, gobe in ka je asibiti aka ɗebi jininka, gaskiyar wa kake so a rubuta maka?"

Wani daga gefe ya yi tsalle ya dire. "Wato ja kike yi da ikon Allah?"

"Ni ruwa na auna. Kuma Allah ya fi ƙarfin in yi ƙarya don in taimake shi."

Ta ajiye biro, ba ta sa hannu ba. Da aka fara shirin miƙa aikin ga wani mai saurin hannu, ta ce ba laifi, amma duk malamin da zai zo daga wata jami'a ya duba aikin, ita za ta tare shi a ƙofa ta ba shi labarin ɓerayen da ajalinsu ya zo. Sai aka fasa. Hatimin bai fito ba har yau.

Sai aka koma kanta. Mai Ruwa ya hau lasifika yana kiran wata 'yar boko marar imani, kowa ya san wadda ake nufi. Aka farfasa mata gilashin mota. Maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta, ita da ba ta wasa da ibada. A jami'a aka janye mata ɗalibai, ƙarin girma ya zo ya tsallake ta, ya sake zuwa ya sake tsallakewa.

Ni fa Mai Ruwa ba shi ya fi ba ni haushi ba. Shi dai ya samu kasuwa ya baje. Masu rigar ilimin nan su ne ke tafasa mini zuciya. Sun san yadda ake auna abu, da shi suke cin abinci, amma da aka zo wurin da faɗin gaskiya zai jawo musu baƙin jini, sai suka ɓuya bayan kalmomi masu santsi. Wai kowa da fahimtarsa! Tir da wannan fahimta. In motarsu ta lalace ba sa cewa kowane bakanike da gaskiyarsa. Sai a kan ƙafar talaka da za a yanke, da idonsa da zai mutu, nan ne suke da sauƙin kai. Wannan ba girmama addini ba ne, tsoro ne tsagwaronsa, kuma raina mutane ne.

Ke ce kika girmama mu, Malama. Ke ce kika ɗauke mu mutanen da suka isa a gaya musu abin da ke akwai, ko da za su jefe ki. Kin fara tuhumar kanki kafin ki tuhumi kowa, kin rufe wa kanki ido don kada son rai ya shiga ma'auni. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma matasan da kuka gaji ɗakin nan, watarana za a turo muku takarda a ce ku sa hannu a zauna lafiya. Ku tuna akwai wani tsoho a wani gida da ba ku sani ba, yana jiran abin da za ku rubuta.

Bayan taron ritayar na same ta tana kwashe littattafai a kwali. Na gaya mata ko ni wane ne, na kuma gaya mata gaskiya: har gobe Baba bai yafe mata ba. Kullum da safe sai ya ambace ta da mugun baki, wai ita ce ta tare wa bayin Allah waraka.

Ta ɗago kai ta dube ni ta saman gilashi. "Yana yin allurar?"

"Yana yi, Malama. Yana yi yana zaginki."

"To alhamdulillahi," ta ce. "Allah ya ja da ransa, ya yi ta zagi."