Wuƙar da Baba Ya Wasa

Ranar wata Alhamis, shekarar da aka canza kuɗi, fam ya tafi naira ta zo, na kai wa Baba fura a maƙerarsa ta Ƙofar Taramniya, na tarar da 'yan kwaleji huɗu tsaye a kansa da wani baƙin akwati mai ƙafa uku. Ni ban taɓa shiga aji ba, aikina ɗiban ruwa da surfe da kai abinci, amma ido gare ni, kuma kallon da suke masa bai kwanta mini ba. Suka ce fim suke haɗawa na makaranta, ba sa son komai illa ya wasa wuƙa ya ɗago kai ya dube su. Baba baƙi ne ƙaƙƙarfa, tartsatsi ya ci masa ido ɗaya tun yana saurayi. Ba a hana baƙo ƙaramin abu, don haka ya wasa, ya ɗago, har furar ya ba su suka sha. Ina ɗaukar ƙwarya na ji babbansu ya raɗa wa na kusa da shi, "Wagga huska ita muka biɗa."

Bayan wata biyu aka gayyaci unguwa kallo. Da la'asar muka cika ɗakin taron kwalejin, an toshe tagogi da tabarmi, an rataya farin zane. Ɗan sandan fim ɗin fari ne, kyakkyawa, mai Turanci. Baƙauye wawa ne, mai gicciye a wuya kuwa mashayi, har na ga Malam Yohanna kafinta, maƙwabcinmu wanda ko sigari ba ya sha, ya sunkuyar da kai. Sai ga Baba ya cika zanen, yana wasa wuƙa, ya ɗago ido ɗaya. Nan take aka nuno mace tana kururuwa, jini a ƙasa. Matar da ke gefena ta janye ɗanta daga jikina.

Zamanin soja ne, ana ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a harbe su gaban jama'a, kuma yawancin mutanenmu ba su san ana yanka hoto a liƙa shi da wani ba. Abin da ido ya gani, ya gani. Mahauta suka daina kawo wuƙaƙe. A dandali 'yan mata suka bar yin gaɗa da ni. Ko motar soja ta gifta, Inna sai ta saki taɓarya ta riƙe ƙirji.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ja Malam Yohanna suka je wurin shugaban kwalejin, Baba ya nemi a sake tara unguwa a nuna fim ɗin. Da hotonsa ya fito, sai ya miƙe ya tsaya jikin zanen. "Ga ni, ga inuwata," ya ce. "Wa kunka sani shekara talatin?" Wasu suka dawo maƙera, wasu ba su dawo ba. Shi kuwa har ya koma ga Allah, fartanya da lauje ya ƙera, bai sake taɓa wuƙa ba.

Yanzu kowane yaro da akwatin nan a aljihunsa. Bara jikata mai karatu a jami'a ta zo da ƙawayenta, wai suna neman tsohuwa marar fara'a ta fito a mayya a fim ɗinsu. "Kaka, kallo ɗai za ki yi." Na ba su fura, na raka su ƙofa. Kallo ɗaya Baba ya yi.