Na'urar da Ba a Kunna wa Yaya Lami Ba

Shekara uku ke nan da rasuwar yayata Lami, kuma har yau in babur ya wuce ƙofar gidanmu a Birnin Gwari sai na leƙa in ga ko su waye.

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana da cikin 'yarta Ummi. Bayan shekara biyu likitoci a Kaduna suka dasa mata na'urar ji a bayan kunne. Ni na rubuta mata bayanin likitan a littafinta: ba za ta ji komai ba tukuna, sai ciwon ya warke, mu koma bayan sati huɗu a haɗa mata ta waje a kunna.

Muna isowa gida 'yan dubiya suka zama likitoci. Wannan ta tafa hannu ta bayanta, wancan ya saki faranti a ƙasa. Baffa Sale, ƙanin babanmu, wanda har mijinta bakinsa yake bi, ya kwaɗa mata kira sau uku.

"Kun gani? An tsaga mata kai a banza."

Na ce, "Baffa, ai ba a kunna ba."

"Rediyo ce? 'Yar boko, kin fi kowa sani."

Ranar komawa ya ce ba wanda zai shiga dajin nan don abin da bai yi aiki ba, a bari hanya ta lafa. Ban ce hanyar lafiya take ba. Amma a satin shi kansa ya bi ayarin motoci ya je Kaduna sayo taki.

Bayan wata biyu, da hantsi, muna cirar gyaɗa a gonarmu ta bakin daji. Kowa ya ji ƙarar baburan 'yan bindiga ya afka cikin dawa. Ni ma na gudu, ina kiran sunan Yaya kamar za ta ji. Tana sunkuye, ta ba su baya.

Yanzu na ji wasu asibitocin kan kunna cikin 'yan kwanaki, kafin mutum ya koma hannun danginsa. Me Yaya za ta ce da wannan? Me za ta ce da Baffa, da yake gyara zama yana faɗa wa mutane wai shi ya tsaya aka yi mata aikin? Ƙaddara, in ji shi. Na yarda da ƙaddara. Takinsa dai bai jira hanya ta lafa ba.

Littafin yana wurina. A shafin ƙarshe ta rubuta: "Ranar kunnawa kowa ya yi shiru, Ummi za ta fara magana." Ummi ta shiga firamare bana, bakinta ba ya hutawa. Ban taɓa ce mata ta yi shiru ba.